Magungunan Ciwon Sukari, Yurik Asid da Lafiyar Zuciya

Yurik asid sinadari ne da ke saura a jini bayan jiki ya gama farfasa wasu sinadarai da ake kira fiyurin. Babu ƙwayar halitta mai rai da ba ta ɗauke da fiyurin, don haka ta hanya biyu ake samunsa: wanda jiki ke kwasowa daga tsofaffin ƙwayoyinsa da suka mutu, wanda shi ne mafi yawa, da kuma wanda ke shigowa ta abinci, musamman kayan ciki irin su hanta da ƙoda, da jan nama, da kifin sadin, da giya. A hanta ake kammala yawancin aikin, inda wani enzayim mai suna zantin oksides ke mayar da ragowar fiyurin zuwa yurik asid. Yawancin dabbobi masu shayarwa suna da wani enzayim na gaba, yurikes, da ke ƙara narkar da sinadarin ya bi fitsari cikin sauƙi. Ɗan Adam ba shi da yurikes mai aiki, shi ya sa yurik asid ɗin jininsa ya ninka na akuya ko bera sau da yawa.

Kimanin kashi biyu cikin uku na yurik asid ta ƙoda yake fita, sauran ta hanji. Sai dai ƙoda ba ta sakinsa haka kawai. Bayan ta tace shi daga jini, takan sake tsotse kusan kashi 90 cikin ɗari ta mayar, ta wasu ƙofofi da ke jikin ƙananan bututunta, waɗanda mafi shahara cikinsu su ne URAT1 da GLUT9. A wajen mafi yawan masu yawan yurik asid, matsalar daga nan take: ƙoda ce ke riƙewa, ba wai jiki ne ke samar da fiye da ƙima ba. Idan adadin ya haura kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita ta jini, wato wajen maikoromol 400 a kowace lita a ma'aunin da wasu ɗakunan gwaji ke amfani da shi, sinadarin yana iya daskarewa ya zama ƙanƙara masu tsini kamar allura, su taru a gaɓɓai. Wannan shi ne ciwon gaut, wani nau'in amosanin gaɓɓai da yakan far wa mutum da tsakar dare, galibi a babban yatsan ƙafa, da kumburi da raɗaɗin da ko mayafi ba ya son ya taɓa wurin. Carl Wilhelm Scheele na ƙasar Suwidin ne ya gano sinadarin a 1776 cikin tsakuwar mafitsara, sannan a 1848 likitan Ingila Alfred Baring Garrod ya nuna cewa jinin masu gaut cike yake da shi.

Dangantakarsa da ciwon sukari

Ciwon sukari nau'i na biyu yakan soma ne da jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata, sai a yi ta zuba insulin mai yawa cikin jini don a cike giɓin. Insulin ɗin nan mai yawa yana umartar ƙoda ta riƙe gishiri, ta kuma riƙe yurik asid. Shi ya sa mai teɓa, mai hawan jini, mai yawan kitse a jini, wanda yake gab da kamuwa da ciwon sukari, sau da yawa akan tarar yurik asid ɗinsa ya hau tun kafin sukarin ya nuna. Lemon kwalba da sauran kayan zaƙi suna ƙara wa wutar itace, domin furuktos da ke cikinsu, idan hanta ta zo sarrafa shi, tana ƙona makamashin ƙwayoyinta da gaggawa, ragowar kuma ta zama yurik asid.

Akwai wani abin da likitoci suka daɗe da lura da shi wanda da farko ya zama kamar saɓani. Yurik asid yana hawa tare da sukari har zuwa wani mataki, amma idan sukarin ya yi yawan da ya fara tsallakewa cikin fitsari, wato sama da kimanin miligiram 180 a desilita, sai yurik asid ɗin ya soma sauka. Majinyacin da sukarinsa ya ƙi jin magani yakan zo da yurik asid ƙasa da na wanda ciwon bai gama kama shi ba. Bayanin shi ne, gulukos da ke bin bututun ƙoda yana jan yurik asid su fita tare. Wannan ƙaramar lura, wadda shekara da shekaru ba ta da wani amfani a wajen jinya, ita ce daga baya ta zama mabuɗin fahimtar wani sabon rukunin magunguna.

Tsohuwar muhawara a kan zuciya

Cewa masu yawan yurik asid sun fi kamuwa da hawan jini, bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki, gazawar zuciya da ciwon ƙoda, wannan babu jayayya a kansa. Bincike bayan bincike ya tabbatar. Inda gizo ke saƙar shi ne ko sinadarin da kansa ke yin ɓarnar, ko kuwa ɗan rakiya ne da ake gani duk inda masu ɓarnar suka taru. A 1999, masu binciken garin Framingham a Amurka suka bayar da rahoto a kan mutum sama da 6,700 da aka daɗe ana bibiyarsu: da aka cire tasirin shekaru, hawan jini, ƙiba da magungunan sa fitsari, sai dangantakar yurik asid da ciwon zuciya ta ɓace. Shekara ɗaya bayan haka, wani nazari a kan bayanan lafiyar al'ummar Amurka ya ce a'a, dangantakar tana nan ko bayan an cire waɗancan abubuwa.

Masu ganin laifin yurik asid suna da hujjoji na ɗakin gwaji. A jikin beraye, ɗaga shi yana jawo hawan jini da lalacewar ƙananan jijiyoyin ƙoda. Enzayim ɗin da ke samar da shi yana fitar da gurɓatattun sinadaran iskar oksijin masu cutar da bangon jijiyoyi. A 2008 kuma wani ƙaramin gwaji a kan matasa 30 masu sabon hawan jini ya nuna allopurinol, maganin rage yurik asid, ya saukar da jininsu. Masu ɗaya ra'ayin suna nuna cewa duk abin da ke raunana ƙoda ko zuciya yana ɗaga yurik asid: ƙodar da ba ta samun isasshen jini tana riƙe shi, tsokar da ba ta samun isasshiyar iska tana ƙara samar da shi, maganin sa fitsari da ake bai wa mai ciwon zuciya shi ma yana ɗaga shi. A ganinsu, hayaƙi ne da ke nuna akwai wuta. Nazarin ƙwayoyin gado ya fi karkata ga wannan ɓangare: mutanen da suka gaji yawan yurik asid tun haihuwa suna yawan samun gaut, amma yawancin irin wannan nazari bai nuna ƙaruwar toshewar jijiyoyin zuciya mai gamsarwa a tare da su ba.

Yadda aka fara auna magungunan sukari da ma'aunin zuciya

Har zuwa farkon wannan ƙarni, abin da hukumomi ke nema ga sabon maganin ciwon sukari shi ne ya sauke sukari. An ɗauka cewa idan sukari ya sauka, zuciya ta tsira. Abubuwa biyu suka rushe wannan zato. A 2007, likitan zuciya Steven Nissen na Cleveland ya tattara sakamakon gwaje-gwaje 42 a kan rosiglitazone, maganin da ke sauke sukari sosai, ya nuna alamun ƙaruwar bugun zuciya. A watan Fabrairun 2008 kuma aka dakatar da wani ɓangare na gwajin ACCORD, mai mutum sama da dubu 10, saboda waɗanda aka matsa wa lamba wajen sauke sukarinsu zuwa kusan na mai lafiya sun fi mutuwa. A ƙarshen shekarar hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta shar'anta cewa duk sabon maganin ciwon sukari sai an gwada shi a kan dubban mutane don tabbatar da ba ya cutar da zuciya. Kamfanoni sun ɗauki dokar a matsayin nauyi da ɓarnar kuɗi. Ba wanda ya yi zaton daga cikinta za a tsinci maganin gazawar zuciya.

Magungunan da ke zubar da sukari ta fitsari

Kowace rana ƙodar mai lafiya tana tace kimanin giram 180 na gulukos, ta kuma mayar da shi duka cikin jini. Kusan kashi 90 cikin ɗari na wannan aiki wata ƙofa ce mai suna SGLT2 ke yin sa, tana tsotse gulukos tare da gishirin sodiyam. Tun 1835 aka samo wani sinadari, phlorizin, daga ɓawon itacen tuffa, wanda daga baya aka gano yana sa sukari ya fita a fitsari, amma bai dace da zama magani ba saboda hanji ba ya shansa da kyau, kuma yana jawo gudawa. Daga tsarinsa aka ƙera magungunan zamani masu toshe SGLT2: dapagliflozin ya samu izini a Tarayyar Turai a 2012, canagliflozin a Amurka a 2013, empagliflozin a 2014. Mai shan su yakan zubar da giram 60 zuwa 80 na sukari a fitsari kowace rana. Ƙarfinsu wajen sauke sukari matsakaici ne, suna rage nauyi da kilo biyu zuwa uku, su kuma ɗan sauke hawan jini.

A 2015 aka fitar da sakamakon gwajin EMPA-REG OUTCOME, wanda aka yi a kan mutum 7,020 masu ciwon sukari da suka riga suka samu ciwon jijiyoyin zuciya, aka bi su kimanin shekara uku. Waɗanda suka sha empagliflozin, idan aka kwatanta da waɗanda aka bai wa ƙwayar da babu magani a cikinta, mutuwa ta dalilin zuciya ta ragu a cikinsu da kashi 38 cikin ɗari, kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya da kashi 35, mutuwa ta kowane dalili da kashi 32. Abin lura shi ne bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba su ragu a fili ba, kuma bambancin ya fara bayyana cikin 'yan watannin farko. Kitsen da ya daɗe yana taruwa a jijiya ba ya narkewa cikin wata uku, ɗan saukin sukarin da aka samu kuma bai kai ya yi wannan aiki ba. Tilas aka nemi bayani a wani wurin.

Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun ƙara fito da hoton. CANVAS a 2017 da DECLARE-TIMI 58 a 2018 sun maimaita raguwar gazawar zuciya da canagliflozin da dapagliflozin. A 2019 gwajin DAPA-HF ya ɗauki mutum 4,744 masu gazawar zuciya, fiye da rabinsu ba su da ciwon sukari sam, aka samu raguwar kashi 26 cikin ɗari na tsanantar ciwon ko mutuwa ta dalilin zuciya, kuma amfanin daidai yake ga mai sukari da marar sukari. EMPEROR-Preserved a 2021 da DELIVER a 2022 sun kai amfanin ga masu nau'in gazawar zuciyar da tsokar ke matsawa da ƙarfinta amma ta sandare, nau'in da a da kusan babu maganin da ke yi masa aiki. A ɓangaren ƙoda ma, CREDENCE da DAPA-CKD da EMPA-KIDNEY sun nuna jinkirta lalacewarta. Maganin da aka ƙera don sukari ya koma ginshiƙi a hannun likitocin zuciya da na ƙoda.

A duk waɗannan gwaje-gwaje an ga yurik asid ya sauka. A wajen masu ciwon sukari, matsakaicin saukar ya kai wajen miligiram 0.6 a desilita. A wajen masu gazawar zuciya ya fi haka, kimanin 0.8 a DAPA-HF, sama da 1 a wani gwajin mai suna EMPEROR-Reduced. Saukar tana zuwa cikin kwanaki ko makonnin farko, ta kuma zauna. Babban dalilinta shi ne abin da aka daɗe ana gani a jikin masu sukarin da ya ƙi jin magani: gulukos ya cika bututun ƙoda, ya canza aikin GLUT9 da URAT1, yurik asid ya bi fitsari. Wasu masana, ciki har da likitan zuciya Milton Packer, suna ƙara da cewa magungunan suna jefa ƙwayoyin jiki cikin wani yanayi mai kama da na mai azumi, wanda ke rage aikin zantin oksides, don haka har samar da sinadarin ma yana raguwa. Idan ƙoda ta yi rauni ƙwarai, tasirin a kan sukari da yurik asid yakan ja baya, amma kariyar zuciya da ƙoda tana nan. Wannan shi kaɗai ya isa ya sa mai nazari ya dakata kafin ya danganta kariyar da saukar yurik asid.

A kan gaut dai amfanin a bayyane yake. Da aka sake duba bayanan CANVAS, an tarar tashin gaut ko buƙatar fara maganinsa ya ragu da kusan rabi. Wani nazari na 2020 a kan bayanan inshorar lafiya na Amurkawa kusan dubu 300 ya nuna masu shan waɗannan magunguna sun fi masu amfani da wani rukunin magungunan sukari mai suna GLP-1 ƙarancin kamuwa da gaut da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Raguwar ta zarce abin da saukar miligiram 0.6 kaɗai za ta iya bayarwa, abin da ya sa ake zaton magungunan suna kuma kwantar da kumburin da ƙanƙarar ke tayarwa.

Shin saukar yurik asid ce ke kare zuciyar?

A 2018 masu gwajin EMPA-REG suka yi lissafi don gano wane sauyi a jini ya fi tafiya tare da raguwar mutuwa. Kaurin jini, wato yawan jajayen ƙwayoyi a cikinsa, shi ya zo na farko, yana bayyana kusan rabin amfanin. Yurik asid ya zo da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, ya wuce hawan jini da nauyi da kitsen jini nesa ba kusa ba. Irin wannan sakamako ya taɓa fitowa a gwajin LIFE na 2002, inda losartan, maganin hawan jini da shi ma ke fitar da yurik asid ta fitsari, ya fi atenolol kare mutane, aka kuma danganta wani kaso na fifikon da yurik asid. Sai dai lissafin irin wannan yana nuna abin da ya sauka tare da amfanin ne kawai. Ba ya iya bambance tsakanin mai tuƙa mota da fasinja.

Hanyar da za a raba gardama ita ce a sauke yurik asid da maganin da ba ya yin wani aiki daban, a ga abin da zai faru. Allopurinol, wanda ya fito daga ɗakin binciken Gertrude Elion da George Hitchings kuma ake amfani da shi tun shekarun 1960, yana toshe zantin oksides, yana sauke sinadarin da ninkin abin da masu toshe SGLT2 ke yi. An gwada. A 2015, gwajin EXACT-HF a kan mutum 253 masu gazawar zuciya da yawan yurik asid bai nuna wani sauƙi ba. A 2020 gwaje-gwaje biyu suka fito tare, PERL a kan mutum 530 masu ciwon sukari nau'i na ɗaya da CKD-FIX a kan masu ciwon ƙoda a Ostareliya da New Zealand. Yurik asid ya sauka ƙwarai, ƙoda ta ci gaba da lalacewa kamar ba a yi komai ba. Mafi girma shi ne ALL-HEART na Birtaniya a 2022: mutum kusan 6,000 'yan shekara 60 zuwa sama masu ciwon jijiyoyin zuciya amma ba su da gaut, aka bai wa rabinsu allopurinol har miligiram 600 a rana, aka bi su kusan shekara biyar. Bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da mutuwa duk ba su bambanta ba.

Febuxostat, wanda ya fi allopurinol ƙarfi, ya ƙara dagula lissafin masu zargin yurik asid. A gwajin CARES na 2018, mai mutum 6,190 masu gaut da ciwon zuciya, mutuwa ta dalilin zuciya ta fi yawa a ɓangaren febuxostat, duk da ya fi sauke sinadarin, har FDA ta sa masa babban gargaɗi a 2019. Gwajin yana da rauni, domin mutane da yawa sun bar shan maganin kafin ƙarshe, kuma gwajin FAST na Turai a 2020 bai ga wannan haɗari ba. Amma ko a mafi kyawun fassara, ƙarin saukar yurik asid bai ƙara kare zuciya ba. Sai kuma ga colchicine, tsohon maganin tashin gaut wanda ba ya taɓa yurik asid ko kaɗan, kumburi kawai yake kwantarwa: a gwaje-gwajen COLCOT na 2019 da LoDoCo2 na 2020 ya rage matsalolin jijiyoyin zuciya, ko da yake wani babban gwaji na 2024 bai maimaita hakan ba.

Idan aka jera waɗannan, fassarar da ta fi tsayuwa da ƙafafunta ita ce saukar yurik asid manuniya ce ta cewa maganin yana aiki a ƙoda da ƙwayoyin jiki, kariyar kuwa ta wasu hanyoyi take zuwa: rage ruwa da gishirin da ke yi wa zuciya nauyi, sauke matsin da ke cikin matatun ƙoda, ƙara samar da jajayen ƙwayoyin jini, da sauya irin makamashin da tsokar zuciya ke ƙonawa. Akwai sauran ƙofa a buɗe. Allopurinol yana rage samarwa ne, masu toshe SGLT2 kuma fitarwa suke ƙarawa, kuma yawancin mutanen ALL-HEART yurik asid ɗinsu bai yi yawa ba tun farko. Wannan ya bar wa masu bincike abin yi, amma bai isa hujjar bai wa mutum allopurinol don zuciyarsa ba. Ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2020, ta ba da shawarar kada a yi wa yawan yurik asid magani idan babu gaut, duk da cewa a Japan an saba yin hakan.

Sauran magungunan

Metformin, wanda aka fara amfani da shi a Faransa a 1957 kuma har yau da shi ake farawa a mafi yawan asibitoci, ba shi da wani tasiri mai ƙarfi a kan yurik asid. Shaidar amfaninsa ga zuciya ta fito ne daga binciken UKPDS na Birtaniya a 1998, inda ya rage bugun zuciya a masu ƙiba, sai dai adadin mutanen kaɗan ne a ma'aunin yau. Glibenclamide da glimepiride da danginsu, waɗanda arha ta sa suka yaɗu, suna sauke sukari da ƙarfi, ba su da wata kariya ta musamman ga zuciya, babban haɗarinsu kuma faɗuwar sukari ne. Allurar insulin takan ɗan ɗaga yurik asid a farkon amfani. Pioglitazone yana ɗan sauke shi, amma yana tara ruwa a jiki, ba a bai wa mai gazawar zuciya. A rukunin gliptin, saxagliptin ya ƙara kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya a gwajin 2013; sauran ba su ƙara a fili ba, ba su kuma rage ba.

Rukunin GLP-1 ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ɗaya hannun hujjar. Liraglutide a gwajin LEADER na 2016 ya rage manyan matsalolin zuciya da kashi 13 cikin ɗari, semaglutide kuma a gwajin SELECT na 2023 ya rage su da kashi 20 a masu ƙiba da ba su da ciwon sukari. Amfaninsu ya fi bayyana a kan cututtukan toshewar jijiya, inda masu toshe SGLT2 ba su yi fice ba, amma tasirinsu a kan yurik asid ƙarami ne, yawanci ta hanyar raguwar nauyi. Ga magani mai kare zuciya ba tare da ya taɓa yurik asid sosai ba, ga allopurinol mai sauke shi ba tare da kare zuciya ba.

Mai ciwon sukari da wuya ya tsaya a magani ɗaya, kuma sau da yawa abin da ya ɗaga yurik asid ɗinsa yana cikin ledar magungunansa. Hydrochlorothiazide da frusemide suna ɗaga shi, haka ƙaramin awon asfirin, haka pyrazinamide na tarin fuka. Losartan da fenofibrate suna sauke shi, amlodipine kuma ba ya ƙara haɗarin gaut. Wannan yana da muhimmanci a Afirka, inda gwajin CREOLE na 2019, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida na kudu da Sahara, ya nuna haɗin da ke da amlodipine, ko da hydrochlorothiazide ko da perindopril, ya fi haɗin da babu amlodipine sauke hawan jinin baƙar fata. Ga mai gaut, zaɓi na biyun ya kauce wa matsalar.

Wanda zai amfana da abin da za a kiyaye

Ƙa'idojin jinya na yanzu suna ba da masu toshe SGLT2 ga mai ciwon sukari nau'i na biyu da ke da gazawar zuciya ko ciwon ƙoda ko ciwon jijiyoyin zuciya, ko da sukarinsa ya daidaita. Idan kuma yana da gaut, faɗuwa ta zo daidai da zama. Amma ba sa maye gurbin allopurinol: mai gaut ana son yurik asid ɗinsa ya sauka ƙasa da miligiram 6, wanda ya taso daga 9 kuwa saukar 0.6 ba za ta kai shi ba. Shi ma allopurinol da ƙaramin awo ake fara shi, musamman ga mai raunin ƙoda, saboda wani mummunan ciwon fata da yakan jawo wa 'yan kaɗan, wanda ya fi samun masu wata ƙwayar gado da ta fi yawa a mutanen kudu maso gabashin Asiya da baƙaƙen fatar Amurka. Duk ƙurajen da suka fito bayan fara shi dalili ne na dakatawa a koma wajen likita.

Illolin masu toshe SGLT2 daga yadda suke aiki suke fitowa. Fitsari mai sukari yana kiran ƙaiƙayin gaba, musamman ga mata da maza marasa kaciya. Tsarki da ruwa bayan fitsari yana rage shi. Yawan fitsari yana iya jawo ƙarancin ruwa da jiri ga tsofaffi da masu shan frusemide. Mafi haɗari, duk da ba ya yawan faruwa, shi ne taruwar asid na kiton a jini alhali sukari bai hau sosai ba, abin da FDA ta yi gargaɗi a kansa a 2015. Amai, ciwon ciki da haki su ne alamunsa, kuma na'urar gwajin sukari ta gida tana iya nuna lamba mai kwantar da hankali a daidai lokacin. Don haka ake dakatar da maganin kwana uku ko huɗu kafin tiyata, da lokacin zazzaɓi mai tsanani, amai ko gudawa, ba a kuma bai wa mai juna biyu, kuma ba a saba bai wa mai ciwon sukari nau'i na ɗaya ba. Ƙaruwar yanke yatsun ƙafa da aka gani da canagliflozin a CANVAS ba ta sake fitowa a CREDENCE ba, a 2020 kuma FDA ta janye babban gargaɗin da ta sa masa a kan haka, amma duba ƙafa na nan a matsayin wajibi.

A ƙasashen da zafi ke haura digiri 40 a bazara, kuma ake azumin watan Ramadan, batun ruwa ya fi nauyi. Shawarar masana ita ce kada a fara maganin ana gab da azumi. A fara shi makonni kafin nan don jiki ya saba, a riƙa sha da buɗa-baki, a yawaita ruwa tsakanin magariba da sahur. Tsoho, da mai raunin ƙoda, da mai aikin ƙarfi a rana suna buƙatar ganin likita kafin watan ya kama. Ƙishirwar yini da buɗa-baki da kayan ciki, tsire da lemon kwalba su ma kansu suna iya tayar da gaut.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa empagliflozin da 'yan rukuninsa cikin jerin muhimman magunguna a 2021, kuma samfuran da ba na kamfanin asali ba sun fara sauko da farashi. Duk da haka, inda majinyaci ke biya daga aljihunsa, kuɗin wata guda na waɗannan magunguna ya ninka na metformin sau da yawa, don haka likita kan fifita wanda zuciyarsa ko ƙodarsa ta riga ta taɓu. Gwajin fitsari don neman furotin, gwajin aikin ƙoda da hoton zuciya su ne ke nuna wannan mutumin. Gwajin yurik asid kuwa ana yin sa ne idan akwai kumburin gaɓa, tsakuwar ƙoda, ko za a fara maganin sa fitsari, kuma ana maimaita shi makonni biyu ko fiye bayan tashin gaut ya lafa, domin a tsakiyar ciwon lambar takan sauka ta ruɗi mai dubawa.